Lasisin bindiga da dokar wurin aiki a Amurka: abin da za ka duba kafin ka shiga da ita

Shekara tara ke nan ina aikin dare a wani babban sito a gefen birnin Hustan, a jihar Tekzas. Na nemi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ne bayan da aka tare ni a gidan mai wata asuba ina hanyar komawa gida. Na zauna aji, na yi gwajin harbi, aka ɗauki zanen yatsuna, kati ya iso, sai na ɗauka magana ta ƙare. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya ja ni gefe, ya tuna mini cewa wanda ya ba ni katin ba shi ke biyana albashi ba. Da ban saurare shi ba, da tuni na rasa aikina, shi ya sa nake rubuta wannan ga 'yan'uwa masu irin tunanin da na yi.

Fara da takardunka na zama, don in nan ta ɓaci sauran duk zancen banza ne. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ba shi da izinin zama mallakar bindiga ko harsashi, haka ma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta yawon buɗe ido ko ta aikin wucin gadi, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan kamar mai lasisin farauta. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 15 a kurkuku. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yana da damar mallaka, amma ya sani cewa laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifukan da ake korar baƙo daga ƙasar a kansu. Abin da zai jawo wa haifaffen Amurka tara kawai, kai zai iya raba ka da iyalinka. Ka riƙe wannan a duk abin da zai biyo baya.

To, ina 'yancin mallakar bindiga da ake ta faɗa? Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, gwamnati yake taka wa birki. A 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta ce 'yancin ya haɗa da ɗaukar bindiga a wajen gida. Sai dai kamfani mai zaman kansa ba gwamnati ba ne. Gininsa kamar gidan mutum ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ke faɗin abin da za a shigo masa da shi. Ga kuma tsarin aikin ƙasar: a kowace jiha in ban da Montana, mai kamfani yana iya sallamarka ba tare da ya kawo dalili ba, muddin dalilin bai saɓa wa doka ba, kamar wariyar launi ko addini. Karya dokar makami ta kamfani kuwa dalili ne tsayayye, ko a Montanan ma.

Saboda haka ka nemo kundin dokokin ma'aikata, wannan da aka sa ka sa hannu a ranar farko ba ka karanta ba. Ka nemi sashen makamai, ko na hana tashin hankali a wurin aiki, ka karanta shi da kyau kalma bayan kalma. Abin da kake nema shi ne iyakar hanin. Gini kawai ya hana, ko har da filin ajiye motoci? Ya ambaci motar kamfani? Ya ce "a lokacin aiki", wanda ke nufin ko an aike ka waje hanin yana biye da kai? A namu, an rubuta gini da motocin kamfani da wuraren abokan ciniki. In kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo ka, dokoki biyu ke kanka, ta wanda ya turo ka da ta wanda ka je wa, kuma mafi tsanani za ka bi.

Akwai bambancin da mutane da yawa ba su gane ba, tsakanin abin da zai sa a kore ka da abin da zai sa a kama ka. A Tekzas, allon da ke hana mai lasisi shiga da ɓoyayyar bindiga yana da siffarsa a doka. Ana kiransa 30.06, da sunan sashen dokar. Dole a rubuta kalmomin da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, haruffan su kai inci ɗaya, a kafa shi inda kowa zai gani. Na 30.07 na masu ɗauka a fili ne, sashe na 30.05 kuma shi ya shafi masu ɗauka ba lasisi, tun da jihar ta halatta hakan a Satumbar 2021. Wuce allon 30.06 ƙaramin laifi ne, tarar ba ta wuce dala 200 ba. Amma in aka ce maka da baki ka fita ka ƙi, laifin ya girma, yana iya kaiwa shekara ɗaya a tsare da tarar dala 4,000. Na ji 'yan'uwa suna cewa allon kamfaninsu bai cika sharuɗɗa ba, don haka ba ruwansu. Wataƙila ɗan sanda ba zai kama ka ba, amma manaja ba ya bukatar allo kafin ya karɓi katin shigarka. Kuma a wasu jihohin tsarin allon daban ne gaba ɗaya, kada ka auna su da mudun Tekzas.

Inda doka ta fi tsaya wa ma'aikaci shi ne filin ajiye motoci, kuma yana da tarihi. A 2002 kamfanin Weyerhaeuser ya sa karnuka sun shinshina motocin ma'aikata a masana'antar takardarsa da ke Oklahoma, aka sami bindigogi, aka sallami mutane. Majalisar jihar ta mayar da martani da doka a 2004, kamfanoni suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar a 2009. Fulorida ta yi tata a 2008, har ta hana mai kamfani ya tambaye ka ko akwai bindiga a motarka. Tekzas ta biyo a 2011. Yau jihohi fiye da 20 suna da irinta, amma Kalifoniya da Niyok ba sa ciki.

Dokar Tekzas ta ce kamfani ba zai hana ka ajiye bindigar da ka mallaka bisa doka a cikin motarka ba, in motar taka ce ta kanka, a kulle, a filin da aka ware wa ma'aikata. Ba ta rufe motar kamfani ba. Makarantu suna da nasu tsarin. Matatun mai da masana'antun sinadarai, waɗanda suka cika gabashin Hustan kuma mutanenmu da dama ke aiki a cikinsu, an ba su togiya: sai mai lasisi, kuma sai a filin da ke wajen shingen tsaro. Nan ne lasisi yake da amfani ko da jiha ta ce ba dole ba ne. Wani amfanin kuma, dokar tarayya ta 1990 ta hana bindiga a cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, amma ta togace mai lasisin jihar da makarantar take.

Wasu wuraren kuwa ba ruwansu da dokar jiha. Ginin gwamnatin tarayya, sansanin soja, sashen filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike, duk lasisinka ba ya aiki a can. Ƙa'idar gidan waya ta haɗa har da filin motocinsa. In aikinka na shara ne ko gyara ko kai kaya a irin waɗannan wurare, ka bar ta a gida.

Direbobi ne suka fi damuna. Uber da Lyft sun hana direba ɗaukar bindiga lokacin da yake aiki da manhajarsu, ko da motar tasa ce, kuma korafin fasinja ɗaya ya isa a rufe maka asusu. Na san tsoron da ke cikin ɗaukar baƙo da ƙarfe biyun dare, ba na raina shi. Amma ka yanke shawara da idonka a buɗe, ka san abin da ka sa a sikeli. Direban tirela kuma matsalarsa iyakokin jihohi ne, don Niyok da Niyu Jazi ba sa karɓar lasisin Tekzas. Dokar tarayya ta 1986 tana kare mai wucewa ne kawai, in bindigar ba harsashi a ciki, a kulle, inda hannu ba ya kaiwa. Mai sauke kaya a can ba mai wucewa ba ne. Mai gadi ma ya sani, a Tekzas lasisin kansa bai ba shi damar gadi da bindiga ba, akwai wani horo da izini daban. Mai jinyar tsofaffi a gidajensu kuma, gidan na mutane ne, izinin nasu ne da na kamfanin da ya turo shi.

In kundin bai ce komai ba, kada ka ɗauki shiru a matsayin izini. Wasu suna cewa kada ka tayar da zancen, don tambaya kan jawo a kafa doka. Na fahimce su, amma ni ina ganin mai girin kad ba shi da sararin yin caca. Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata imel gajere, ka tambayi matsayin kamfani kan makamin da aka mallaka bisa doka, a gini da a filin motoci. Ba sai ka ce kana da ita ba. Ka adana amsar a wajen kwamfutar aiki. In abin ya rikice, ka ga lauya, wanda ya san dokar shige da fice ma.

In kuma an yarda maka, ɓoyewar ta zama ta gaske. Kube mai ƙarfi da ya rufe kunamar bindiga, da ɗamara mai kauri. Ka gwada ruku'u da sujada a gida da irin rigar da kake sawa a aiki, don riga tana ɗagewa ta baya. Lokacin alwala ko shiga bayi kada ka taɓa cire ta ka ajiye a kan wani abu, nan ake mantuwa. Kada ka nuna wa kowa, ko aminin da kuke cin abinci tare.

Ni dai tawa ba ta shiga gini. Na sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwado, na ɗaure igiyarsa ta ƙarfe a ƙafar kujerar direba, don ɓarayin mota sun san aljihun gaba ne wurin farko da ake dubawa. Ban manna wata alamar bindiga a gilashi ba. Ina tsayawa tun kafin in shiga filin kamfani, in cire ta tare da kubenta ba tare da na zare ta ba, in kulle, sannan in ƙarasa ciki, saboda kada kyamara ko abokin aiki ya gan ni da ita a hannu. Da asuba sai na bar filin tukuna nake mayar da ita a ƙugu.