Yadda ake sauya jirgi a babban filin jirgin sama, daga Damagaram har masauki

Duk wanda ya tashi daga Damagaram zai tafi Umra, ko sarin kaya a Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, ko karatu, ya sa a ransa cewa jirgi ɗaya ba zai kai shi ba. Za a sauke shi a wani ƙaton fili a tsakiyar hanya, galibi Istambul, Adis Ababa, Kazablanka ko Alƙahira, ya nemi jirgi na biyu da ƙafarsa. Nan ne mutanenmu suka fi shan wuya. Jigilar alhazai tsarinta daban, don ayari guda ake kwasa a dire Jidda ko Madina. Ni da mai tafiya shi kaɗai nake, ko wanda aka haɗa da tsohuwa aka ce ya kula da ita.

Na farko: a wajen mai sayar da tikiti

Rabin aikin a nan ake gama shi. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka tambaye shi: "Malam, tikiti ɗaya ne, ko biyu ka haɗa mini?" In ɗaya ne, lambar rajista guda za ka gani, mai haruffa da alƙaluma shida, ta ɗauki tafiyar tun daga tashi har sauka. Ma'anarsa, kayanka za su wuce da kansu, kuma in jirgin farko ya yi latti har na biyu ya tafi, kamfanin ne zai nema maka wani ba tare da ka sake biya ba. In kuwa biyu ne aka liƙa don a rage kuɗi, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Ka makara, kuɗinka sun tafi. Sannan dole ka fita ka ɗauki kayanka ka sake kai su awo, fitar nan kuma shiga ƙasar mutane ce, galibi sai da biza. Araha ba ta ado, an faɗa.

Sai ka duba tazarar da ke tsakanin sauka da tashi. Kwamfuta tana iya sayar maka da tazarar awa ɗaya da ƴan mintoci, kuma wanda ya saba yana iya cin ta. A ganina, baƙo kada ya yarda da abin da ya gaza awa uku. In zaman ya yi tsawo da yawa kuma, akwai sauƙi: Ethiopian Airlines tana ba fasinjan da jiransa ya kama daga awa 8 zuwa 24 masauki a Adis Ababa, in ya cika sharuɗɗanta, Turkish Airlines ma tana da irin wannan tsari a Istambul. Tun a nan za ka tambaya ko tikitinka ya shiga ciki.

Lokacin da ke rubuce a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Istambul, Adis Ababa da Jidda suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Gwanzu da awa 7. Ka kuma lura da haruffa ukun da ke gaban sunan gari. Istambul filaye biyu gare ta: IST, babban sabon da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai, da SAW, wato Sabiha Gokcen, can ɓangaren Asiya. In ka ga za ka sauka a ɗaya ka tashi a ɗayan, tafiyar mota ce mai nisa cikin cunkoson gari, kuma sai da bizar Turkiyya. Ka ce a sake maka.

Maganar biza ta Turai tana da tarko. In hanyarka ta tsaya sau biyu a cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗu kan biza ɗaya, an ɗauka ka shiga ke nan, sai da cikakkiyar biza. Mai fasfon Nijeriya kuwa, kuma muna da su da yawa cikin dangi, ana neman bizar wucewa a hannunsa ko da ba zai fita daga filin ba, sai fa in yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa.

Na biyu: hanyar mota ma sauyi ce

Mu nan sauyinmu na farko a ƙasa yake, don sai an je Yamai ko Kano ake hawa jirgin ƙetare. Yamai kusan kilomita 900 ce, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kar tana tashi da asuba, sai dare ya yi ake shiga gari, in taya ba ta fashe ba. Kada ka kuskura ka hau kar ranar da jirginka zai tashi. Ka je ka kwana, gara ma kwana biyu. Wanda ya hau jirgin cikin gida daga nan zuwa filin Diori Hamani na Yamai, shi ma ya bar kwana guda tsakani, don wannan tikitin ba ya haɗe da na ƙetare. Mai bi ta Kano, tafiyarsa ta fi gajarta, wajen kilomita 240, ta Matamaye ko ta Magarya. Amma ya tsaya a iyaka a buga masa hatimi a fasfo. Sabo da muka yi da zuwa kasuwa ya sa muna wucewa da katin ɗan ƙasa kawai, alhali a filin Malam Aminu Kano ana iya tambayarka ta ina ka shigo.

Na uku: teburin awon kaya

Abu biyu za ka nema a nan. Ɗaya, takardun shiga jirgi guda biyu, na farko da na biyu. In ɗaya aka ba ka, ka tambayi inda za ka karɓi ɗayar. Biyu, ka karanta takardar da aka liƙa wa walis ɗinka da idonka, kafin bel ya ja ta. Haruffan da ke sama su zama na inda za ka ƙare: JED Jidda, MED Madina, DXB Dubai, NIM Yamai. Ƴan kasuwar Sin su buɗe ido sosai, don Gwanzu CAN ce, Kano kuwa KAN, harafi ɗaya ya raba su. Ƙaramar takardar da za a manna maka a bayan tikiti, ita ce shaidar kayanka. Ka ɗauke ta hoto.

Jakar hannu ita ce gidanka har ka isa. Fasfo, katin rigakafin shawara, magungunanka tare da takardar likita, caja, batirin cajin salula (wannan ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba), kaya sawa ɗaya, da rigar sanyi. Adis Ababa tana bisa tudu fiye da mita 2,300, sanyin darenta sai ya tuna maka da hunturun Janairu. Duk abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Turaren da Hajiya ta ba ka tsaraba, da zuma, da man shanu, su tafi cikin walis. Kilishi da cuku kuwa, in Turai ka nufa, ka bar su gida, ba a shiga da nama ko kayan nono. Mai Umra da zai sauka Jidda ya sa haraminsa a jakar hannu, don jirgi na biyu zai ƙetare miƙati yana sama. A filin da aka sauya jirgi ake ɗaura shi cikin natsuwa, in an sanar a jirgi sai a yi niyya.

Saƙon wani kuma, ko ɗan unguwarku ne, ka kwance shi a gabansa ka gani. Wanda ba ka sani ba, ka ba shi haƙuri. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kai wa ga kisa, kuma wanda aka samu da jaka shi ne mai ita.

Na huɗu: an sauka

Da farko ka tabbatar nan ne. Wasu jiragen suna tsayawa wani gari su sauke mutane su ɗebi wasu, kai kana zaune. Nuna wa ma'aikaciyar jirgi takardarka kafin ka miƙe.

Da fitarka, taron zai rabu biyu, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne bin bayan jama'a. Masu shiga gari suna bin allon da aka rubuta "Exit" ko "Sortie", ko mai hoton jaka. Naka shi ne mai "Transfer", ko "Connecting Flights", ko "Correspondances" a inda ake Faransanci. In ka ga kanka a layin da ake buga hatimi a fasfo, ka ɓata, ka koma. A mafi yawan filaye za a sake binciken jakar hannu: cire bel, agogo, salula, tsabar kuɗi, a zubar da ruwan da ka ɗauko daga jirgi. Ka riƙe gorar babu komai, akwai inda ake cikawa a ciki.

Bayan bincike, nemi babban allon tashin jirage. Kada ka nemi sunan gari kawai, don Jidda ko Dubai jirage da yawa ke zuwa a yini. Lambar jirginka za ka nema, haruffa biyu da alƙaluma: TK na Turkiyya, ET na Habasha, AT na Maroko, MS na Masar. A gefenta za ka ga ƙofa, misali F7. In ba a sa ba tukuna, allon yakan faɗi lokacin da za a sa. Ƙofar da ke kan takardarka tun daga Yamai tana iya sauyawa, allon ne mai gaskiya.

Daga nan, ƙofa tukuna. Shayi, salla, kanti, kiran gida, duk sai ka ga ƙofar da idonka. Filin Istambul gini ɗaya ne, amma daga tsakiyarsa zuwa ƙarshen wani reshe sai ka yi minti ashirin kana tafiya, kamar daga Birni ka nufi kasuwar Dole a ƙasa da jaka a kafaɗa. Kuma lokacin da ya shafe ka shi ne na fara shiga jirgi, wanda yake rubuce a takardar, domin ana rufe ƙofa kamar minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Wanda ke tare da tsoho ya nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti. Kyauta ne, ma'aikaci zai tura shi har ƙofa, kuma ba abin kunya ba ne.

Wata tafiya na taras da wani dattijo daga wajen Mirriya zaune a kujera, ya miƙe ƙafa yana jan casbi. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina aka nufa?" Ya ce, "Madina, ɗana, in Allah ya yarda. Da sauran awa biyu." Na karɓi takardarsa na duba, sai na ga agogon hannunsa har yanzu lokacin gida yake bugawa. Na ce, "Baba, tashi, ana shiga yanzu!" Na saɓa jakarsa, shi kuma ya riƙe takalma a hannu. Mun isa ana kiran sunansa da wani lafazi da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. Tun ranar, kafin in kwance ɗamarar kujera nake juya agogo. A Adis Ababa kuma kada ka tambayi mai shara ƙarfe nawa, don Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Bakwai na safe a agogon filin, ɗaya ne a ƙirgarsu. Agogon bango za ka duba.

Akwai masallaci ko ɗakin salla a duk waɗannan filaye, da wurin alwala. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, sai ka yi ka dawo kusa da ƙofarka. In barci ya zo, ka sa ƙararrawar salula, jaka kuma ta zama matashi.

In an bar ka fa? Kada ka fita daga wurin masu wucewa. Nemi teburin kamfanin mai alamar "Transfer Desk", ka miƙa fasfo da takardunka duka, har da ta kaya. In tikiti ɗaya ne kuma lattin daga gare su yake, za su sa ka a jirgi na gaba, ka tambayi abinci da wurin kwana. Ka aika wa mai tarbonka saƙo ta wifi ɗin filin.

Na biyar: daga fili zuwa gari

A zangon ƙarshe ne za ka bi layin hatimi, ka ɗauki kaya, ka wuce duwan. Mai ɗauke da kuɗin sari ya san iyaka: daga yuro 10,000 a Tarayyar Turai, riyal 60,000 a Saudiyya, dirhami 60,000 a Dubai, sai an bayyana. Sefa da wuya ta samu mai canji a can, ka riƙe yuro ko dala tun daga gida, ka canja kaɗan a fili don mota kawai, sauran sai cikin gari.

Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana cewa "taksi, taksi", ka wuce shi ka nemi layin taksin hukuma, mai mita. Ka riƙe adireshin masauki a rubuce da harshen ƙasar. A Jidda, jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a sashe na 1 na filin Sarki Abdul'aziz. Makka ba ta kai awa ɗaya ba, Madina kamar awa biyu, sai dai yana da iyakar kaya, mai buhuna ya nemi mota. A Dubai metiro yana tsayawa a sashe na 1 da na 3, ba ya zuwa na 2, wanda ke ɗaya gefen filin. A Istambul akwai metiro M11 da bas-bas na Havaist, har da mai zuwa Aksaray, kusa da Laleli inda ƴan sarin tufafi ke sauka. A Kazablanka jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin filin yake.

In bel ya tsaya walis ɗinka ba ta fito ba, kada ka ƙetare duwan. Ofishin kayan da suka ɓata a cikin zauren yake. Ka nuna ƙaramar takardar nan, ka faɗi launin jakar da girmanta, ka ba da adireshin masauki da lambar da za a same ka, a ba ka takardar rahoto mai lamba. Da ita za ka riƙa bin sawu, kuma sau da yawa jirgin washegari ne ke kawo ta.