Kurakuran Masu Tara Tsofaffin Zanen Tsuntsaye

Na gaji da ganin sababbin shiga harkar zanen tsuntsaye na ƙarni na 19 suna lalata abin da suka saya da kuɗinsu, wai da sunan gyara.

Mafi muni shi ne yanke gefen takarda. Ɗauki littafin Birds of America na mai zanen tsuntsaye Audubon, zane 435 da aka buga daga 1827 zuwa 1838, kowanne a takarda mai tsawon kusan mita ɗaya. Shaidar asalinsa a gefen nan take. Ɗaga ta ga haske, za ka ga sunan kamfanin takardar, J Whatman, da shekara a jikin takardar, ga kuma gurbin da farantin tagulla ya bari wajen bugu. Ka yanke wannan, me ya rage? Wani mai firam ya taɓa sa reza a wani ɗan zanena daga littafin masanin tsuntsaye Swainson kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, bugun 1837, don kawai ya shiga katakon da ke gare shi. Ya datse har sunan tsuntsun, ya miƙo mini yana jiran godiya. Haba malam! Takarda ake yi wa firam daidai girmanta. Yanzu ina tsaye a kansu ake aikin, ko su ji haushi.

Sai masu tsumma. Ka ga sheƙi a idon tsuntsu ko a baƙin gashinsa a zanen masanin tsuntsaye John Gould, ka ce maiƙo ne, ka jiƙa tsumma. Ƙaro ne, irin wanda ake ɗiba a Yobe da Sudan, masu shafa launi suka ɗora da buroshi. Ruwa na taɓa shi zai narke, ya tafi da fentin. Ni ƙurar hunturu ma da busasshen buroshi mai laushi nake kaɗe ta, a gefe kawai. Kuma kada gilashi ya taɓa zanen, in damina ta yi ƙaron zai manne.

Kar ka ƙi zanen Gould don babu gurbin faranti, daga kan dutse aka buga shi, ba daga farantin tagulla ba. Amma in gilashin ƙara girma ya nuna maka ɗige-ɗige a jere, kwafin zamani ne, komai rantsuwar dillali. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa. Bangon da rana ke duka yana koɗar da launi, shi ya sa nawa suke kwance cikin akwati, nesa da ƙasa saboda gara.