Yadda za ka shirya ma mutanenka kile ɗaya su sa lojisiyel da kansu

Kawuna mushe ne a Tawa, shekara talatin yana koyar da yara lissahi, amma ranar da ya so sa VLC, lojisiyel ɗin kallon bidiyo, cikin ordinatar ɗinshi sau huɗu ya kira ni nan Yamai. "Ɗana, ya ce Suivant, in danna?" Na ce danna kawu. Jim kaɗan sai ga wani kiran, wai wata taga ta hito tana tambaya ko ya yarda a canza abu cikin na'ura, shi ko ya ji tsoro ya kashe komi. Kuma ni ban ga laihinshi ba wallahi, tambayoyin nan ba don irin su kawu anka rubuta su ba. To ga yadda nike yi yanzu, aikin duka ya dawo wajena sau ɗaya, shi nashi dannawa ce kawai.

Kahin ka telecarje komi sai ka san wace irin ordinatar ce. Kar ka tambaye su da baki, za su ce maka "baƙa ce, HP". Ka ce su shiga Paramètres, Système, su sauka can ƙasa inda anka rubuta bayanin na'ura (Windows 7 ba ta da Paramètres, can ta Panneau de configuration ake shiga Système), su ɗauki hoton ekran da salula su turo ta WhatsApp. Abu biyu kake nema, 64 bits ce ko 32, kuma wane Windows ne, don ka ɗauko fishiyen da ya dace da ita. In Windows 7 ne (har yanzu suna nan da yawa cikin lakwal da burori) ka sani Chrome ya tsaya ma Windows 7 a lamba 109 tun farkon 2023, sabon ba ya hawa, gara ka ɗauko Firefox ESR 115. Windows 10 ma Microsoft ta daina kula da shi ran 14 ga Oktoba 2025, amma lojisiyel suna hawa kanshi lahiya lau.

Sai maganar telecarjewa, nan ne mutane suka hi shan wahala. Ɗan ƙaramin fishiyen nan na Chrome da kake samu ba shi ne lojisiyel ɗin ba, ɗan aike ne, in ka buɗe shi sai ya tahi intanet ya ɗauko sauran, to ka duba mutum yana Tawa da forfe na kwana ɗaya da rezo mai zuwa yana tahiya, ana tsakiyar aiki abu ya yanke a koma farko, mega sun ƙone a banza. Kai da ke da konekson mai kyau ka nemi cikakken fishiye wanda anka ce ma hors ligne, kuma ka ɗauko shi daga gidan masu abun, videolan.org don VLC, mozilla.org don Firefox, libreoffice.org, 7-zip.org. Shafukan nan masu manyan koren buton Télécharger guda uku a jere ka guje su, biyu talla ne, na ukun ma ba tabbas. LibreOffice ya hi mega 300, 7-Zip bai kai mega 2 ba, kile mai 4 Go ta ishe ka har da saura.

Cikin kile ka buɗe dosiye ɗaya ka sa mashi suna kaya, ka zuba su duka ciki, ka taƙaita sunayen su zama vlc.exe, 7zip.exe, libre.msi. Sannan ka buɗe Bloc-notes ka rubuta wanga:

cd /d "%~dp0kaya"
start /wait vlc.exe /S
start /wait 7zip.exe /S
start /wait msiexec /i libre.msi /passive
pause

Ka ajiye shi cikin kile, kusa da dosiyen kaya amma ba cikinshi ba, da sunan DANNA-NAN.bat, ka lura kar ya zama .bat.txt don Bloc-notes ya iya wannan wayon. Wancan /S ɗin, babban baƙi ne dole, shi ke ce ma lojisiyel ya hau shiru ba tambaya, /passive kuma yana nuna sandar ci gaba kawai don mutum ya ga ana aiki kar ya zaci ta daskare. Layin farko kar ka cire shi, ni na taɓa cirewa ina ganin ado ne, ashe in an buɗe fishiyen da ikon administrateur Windows yana fara neman kaya a wani dosiye nashi can daban, sai ya ce bai ga komi ba. Ka gwada a wata ordinatar kahin ka ba direba saƙo, kar kile ta bi ta Dosso da Konni ta isa sannan ka gano ka yi kuskuren harahi ɗaya.

Tare da kile ka tura vokal gajere, da Hausa, amma kalmomin ekran ka faɗe su da Faransanci yadda za su gani. Nawa ga shi: kawu ka sa sharjar tukuna ko ka tabbata batir ya cika, ka danna DANNA-NAN da hannun dama na suri, ka zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, in anka tambaye ka ka ce Oui, baƙar taga za ta hito kar ka rufe ta sai ta ce ka taɓa buton. In shuɗiyar taga ta ce Windows a protégé votre ordinateur, a danna Informations complémentaires sannan Exécuter quand même, amma ka jaddada masu wannan izinin na kile ɗinka ne kaɗai, ba na duk abun da wani ya turo ba.

Kuma don Allah kile ɗin kar ta je sibar ko shagon fotokopi. Cutar nan mai mayar da dosiye raccourci can take, rana ɗaya ta isa.

Wanda ke da wifi a buro bai buƙatar duk wanga, Ninite ya ishe shi, ka zaɓi lojisiyel a shahinsu su ba ka fishiye ɗaya mai sa su duka ba tare da tarkacen talla ba. In kuma abu ya cije, Windows 10 da 11 suna da Assistance rapide, Ctrl da Windows da Q, kai ka karɓi kod ka karanta mashi ya shigar, sai ka ga ekran ɗinshi daga Yamai, sai dai yana cin mega sosai, ka tura ma kawu kuɗin forfe tukuna.