Kurakuran da sababbin ƴan wasa suka fi yi wajen sanɗa a Assassin's Creed Mirage

A ɗakunan wasan bidiyo na Yamai, daga Bukoki har Wadata, ƙwallon ƙafa ce ke cin kasuwa, kuma yaron da hannunsa ya saba da ita yakan ɗauka cewa kowane wasa gudu ne da saurin danna maɓalli. Idan aka sa masa Assassin's Creed Mirage sai ya faɗa cikin dogarai da takobi zare, kafin a ɗauki wani lokaci sun kewaye shi sun gama da shi, ya ajiye manet yana cewa wasan ba shi da daɗi. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ga ƙannena da abokansu, shi ya sa na rubuta shi a nan domin wanda ke da buƙata.

Kamfanin Ubisoft ya fitar da Mirage a watan Oktoba na 2023, kuma labarinsa yana faruwa ne a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ya soma daga shekarar 861, wadda a cikinta aka kashe halifa al-Mutawakkil. Ɗan wasa yana riƙe da Basim, ɓarawon titi da ya shiga ƙungiyar asiri a Alamut, sansaninta da ke cikin duwatsun Farisa. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, an gina wasan ne domin a koma ga salon wasan farko na jerin Assassin's Creed, wanda ya fito a 2007, inda jaruminsa Altair ke yawo tsakanin Dimashƙa da Akka da Ƙudus. Wanda ya zo daga Odyssey na 2018 ko Valhalla na 2020, inda jarumi ke iya tsayawa ya share rundunar mutane shi kaɗai, dole ya sauke wannan tunani. Basim ba shi da jikin ɗaukar duka, kuma da gangan aka yi shi haka.

Kuskure na farko, wanda kusan sauran duka daga gare shi suke fitowa, shi ne shiga wurin da aka hana shiga ba tare da an duba shi ba. Wasan ya ba ka gaggafa mai suna Enkidu, wadda za ka tura sama ta yi maka alama a kan kowane dogari, ta nuna maka ƙofofi da ƙararrawa da akwatuna. Da yawa sukan tura ta su yi alama a kan mutum biyu ko uku da ke bakin ƙofa, su dawo da ita cikin gaggawa, alhali wanda zai gan su yana can bisa soro ba su lura da shi ba. A wasu wurare akwai maharbi na musamman da ke harbin gaggafar ya kore ta, kuma muddin yana raye ba za ta yi maka aiki ba. Shi ne mutum na farko da za ka nema ka kawar, ko da hakan zai sa ka kewaye ginin gaba ɗaya. Al'adata ita ce in hau wuri mai tudu in zauna har sai na ga kowane mai sintiri ya je ya dawo sau biyu, domin a zagaye na biyu ne ake tabbatar da inda yake tsayawa da kuma inda yake juya baya. Kafin in sauka kuma sai na san ta inda zan fita. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne, musamman idan kuɗin awa aka biya, amma wanda ya mutu sau uku a ƙofa ɗaya ya fi ni asarar lokaci.

Na biyu shi ne barin gawa a fili, kuma a kan wannan ba na sassauta wa kowa, domin na san abin da yake jawowa. A kurkukun Ƙofar Dimashƙa da ke Bagadaza, inda ake shiga domin kuɓutar da jagoran ƴan tawaye Ali ibn Muhammad, na taɓa kashe wani dogari a gefen tsakar gida na bar shi kwance, ga tarin ciyawa kusa da shi taku kaɗan, amma na ga kamar ɗaukarsa wahala ce. Na yi nisa cikin ginin, ina laɓe bayan wani bango ina jiran mutum ɗaya ya juya, sai na ji ihu daga baya. Wanda ya tsinci gawar ya tayar da ƴan uwansa, duk suka bar hanyoyin sintirin da na haddace suka bazu suna bincike, ɗaya ya leƙo daidai inda nake, wani ya ruga ya kaɗa ƙararrawar da ban lalata ba, ƙarin dogarai suka cika wurin. Ina cikin sake farawa lokacin da na biya ya ƙare, mai ɗakin ya miƙo hannu ya karɓi manet. Gawa ɗaya ta rusa duk lissafin da na yi daga bisa soro. To, kai da kake kashewa ka wuce kana ganin ka iya, ka sani cewa alamun da gaggafa ta yi maka suna da amfani ne kawai muddin dogarai na cikin natsuwa. Ka ɗauki gawar ka jefa cikin ciyawa ko duhuwa. Abin da ya fi ma shi ne kada ka kashe mutum a fili tun farko: ka shiga duhuwar, ka yi fito, shi da kansa zai tako ya zo, ka ja shi ciki, ka kashe ka ɓoye da motsi ɗaya. Ƙararrawa kuwa, wuƙar jifa ɗaya daga nesa ta isa ta lalata ta, kuma ban san dalilin da zai sa mutum ya tsallake ta ya shiga ciki ba in ban da lalaci.

A nan ne ma nake saɓa wa abokaina da yawa, waɗanda ke ganin gwaninta ita ce a share kowa da kowa a sansani. Ni a wurina dogarin da bai tare mini hanya ba, ba ruwana da shi, saboda kowace gawa sabon aiki ce da na ɗora wa kaina.

Akwai kuma kuskuren da bai shafi yatsu ba, ya shafi yadda ake kallo da sauraro. Ɗakunanmu na wasa suna da hayaniya, talabijin huɗu ko biyar a jere, kowa na ihun cin ƙwallo, saboda haka da yawa suna yin Mirage ba tare da jin sauti ba sam. Alhali rabin labarin da kake buƙata ta kunne yake zuwa: maganar dogari idan ya fara zargi dabam take da ihunsa idan ya tabbatar, kiɗan yana sauyawa idan an gan ka, kuma takun wanda ke tahowa ta bayanka ba ya fitowa a allo. Ka sa abin sauraro a kunne, ko mai araha ne na Babbar Kasuwa, ana iya jona shi a jikin manet na PS4. Haka nan hasken allo. An zana Bagadaza da rana mai ƙarfi da launin ƙasa, idan kuma an ƙure hasken talabijin saboda wasan ƙwallo, alamar zargin da ke cika a kan dogari, mai soma da rawaya ta koma ja, takan ɓace cikin farin bango. Ka rage shi kafin ka fara. Game da harshe, yawancinmu da Faransanci muke wasa, amma akwai muryoyin Larabci cikakku, kuma ni su nake sawa tare da rubutun Faransanci a ƙasa, domin kasuwar Karkh da Baitul Hikma sun fi kama da kansu idan mutanen ciki na magana da harshensu. Wannan zaɓina ne, ba ya ƙara wa kowa ƙwarewa.

Idan an gan ka, kada ka tsaya faɗa, kada kuma ka miƙe titi da gudu. Ka jefa bam na hayaƙi, ka karya kwana, ka hau sama. Da zarar sun daina ganin ka, wasan zai bar wata farar inuwa mai siffarka a wurin da suka gan ka na ƙarshe, dabarar da jerin ya soma tun Unity na 2014, kuma can za su nufa. Sababbi sukan ɓuya a tarin ciyawar da ke dab da inuwar, wato daidai inda za a soma caka mashi. Ka yi nisa da ita, sannan ka nemi benci ko taron mutane ka saje.

Sai maganar ƙaurin suna. Duk ɓarnar da ka yi a gaban jama'a tana ƙara maka shi, kuma mataki uku gare shi: mutanen gari su soma nuna ka suna kiran dogarai, maharba su ƙaru bisa soraye, a ƙarshe a turo maka Shakiriyya, mayaƙin da ke bin sawunka kuma ba a gamawa da shi cikin sauƙi. Maganin ya daɗe a jerin tun Assassin's Creed II na 2009: ka yage takardun da aka manna a bango masu ɗauke da hotonka, ko ka ba mai shela lada ya wanke ka. Shiga babban aiki da suna a ɓace wauta ce tsantsa, kuma ina ganin ta kusan kullum.

Sauran ƙanana ne. Gudu kusa da dogari yana jawo hankalinsa, ka duƙa ka tafi a hankali. Wuƙar jifa ba ta huda hular ƙarfe sai an inganta ta, saboda haka ka dubi kan mutum kafin ka jefa. Kibiyar busawa mai sa barci ta fi dacewa da mutum biyu da ke tsaye suna fuskantar juna, ka kwantar da ɗaya ka gama da ɗayan. Tsabobin khidma da ake samu ta hanyar yankan aljihu da ƙananan ayyuka ba na ajiya ba ne, ana biyan makaɗa da su su janye masu gadi daga ƙofa, ko sojojin haya su tayar da rikici a wani gefe. Idan faɗa ya zama dole, saran da ya haska rawaya ana tare shi, wanda ya haska ja kuwa kaucewa ake yi. Sannan, tunda wutar lantarki ba ta neman izini kafin ta ɗauke, musamman a watannin zafi, ka ajiye wasanka da hannunka kafin ka tsallaka katangar kowane sansani.