Yadda Ake Zaɓen Unguwa Kafin A Sayi Gida A Kano

Dillali zai nuna maka fenti da tayil da silin, ya ce gida sabo ne dal. Duk waɗannan magini zai iya sake su cikin wata guda. Lungun da mota ba ta shiga kuwa, haka za ka bar wa 'ya'yanka shi. Don haka unguwa ake fara saya, sannan gida.

Da farko, ka san irin unguwar da aka kai ka. Akwai cikin birni, wato cikin ganuwa, irin su Yakasai da Mandawari. Nan akwai jama'a da zumunci, in mutuwa ta faɗo maka ko suna, kafin ka waiwaya ƙofar gida ta cika. Sai dai lunguna matsattsu ne, kuma yawancin gidajen na gado ne. Akwai awon gwamnati, irin Nasarawa GRA da Bompai, masu faffaɗan titi da manyan filaye, da tsadar da ba kowa ke iya tunkara ba. Akwai rukunin gidaje irin Kundila, da Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Sai awon igiya, inda mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar. A nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun shiga, a nan ne kuma aka fi yin kuka daga baya.

Na biyu, ka auna tafiyarka ta kullum. Ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi gida a Mariri ya ɗaura aure da go-sulo, alhali Kurna ko Rijiyar Lemo suna kan hanyarsa ta Katsina. Mai aiki a sabuwar Jami'ar Bayero kuwa, Rijiyar Zaki da Danbare ne kusa da shi. Ka hau adaidaita sahu daga ƙofar gidan da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, ka ƙirga mintuna da kuɗin mota, har da na makarantar yara.

Na uku, in da hali ka jira damina. Gidan da aka nuna maka a watan Maris, ka koma ka gan shi a Agusta bayan an ɗauke ruwa. Ina ruwan layin yake bi? Akwai kwata, ko kowa ya sako tasa kan hanya? Duba gindin katangar maƙwabta: in siminti na ɓarewa kuma bango ya yi jirwaye, danshi ne ke cin sa. Ka tambayi dattawan wurin ko da can kududdufi ne aka cike, domin Kano ta cike kududdufai da yawa ta yi gini a kai, shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa. Batun ruwan sha, kar ka tambayi dillali. Tsayar da ɗan ga-ruwa ka ji nawa jarka, kuma daga ina yake turo kurarsa. Haka wuta: mai walda da mai cajin waya sun fi kowa sanin awa nawa ake kawowa. Tun Afrilun 2024 layukan Band A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suke biyan kuɗi mai tsada, to ka san layin da gidan yake.

Na huɗu, ka je da dare. Yi sallar isha'i a masallacin unguwar, ka zauna wurin mai shayi. Za ka ji ko akwai 'yan sintiri, ko ana ƙwacen waya, ko gidan biki na kusa yana hana barci. In da iyali za ka tare, uwargida ma ta shiga maƙwabta ta gaisa. Abin da mata za su faɗa mata, maza ba za su faɗa maka ba.

Na biyar, takardu, kuma kowace unguwa da irin tarkonta. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka gidan da ke da takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, sai da amincewar gwamna sayarwar ke cika. Ka sa lauya ya bincika a ma'aikatar ƙasa ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko kuma an jinginar da ita a banki. A awon igiya, abin da za a miƙa maka takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Tana da amfani, amma ba ta tsayar da katafila. Ka je hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ka tabbatar ba a kan hanyar da aka tsara ba ne, ba filin makaranta ko maƙabarta ba, ba kuma ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Gidan gado na cikin birni kuwa, kar ka yarda da "ni ne babba, na isa da kowa". Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. A rukunin gidaje, ka tambayi kuɗin tsaro da na kwashe shara, da ko za a bar ka ka ƙara ɗaki ko ka fasa shago.

La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi ciniki, kuɗin gida kuma a tura ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, a gaban shaidu.