Yadda ake sa babban tsarin hasashe mai aiki ya shiga ƙaramar kwamfuta

Hasashe mai aiki, wato aktif infarans, ya fito ne daga aikin Karl Friston na jami'ar UCL da ke Landan. Na'ura tana riƙe da zato kan halin da duniya ke ciki, tana gyara shi da abin da ta gani, sannan ta zaɓi matakin da zai kai ta ga abin da take so. Ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi mai kwamfutar RAM gigabayit 8 zai iya wannan aiki, in dai bai bar jadawalai sun cinye ma'adanar ba.

Fara da lissafi a takarda, kafin ka rubuta layi ɗaya a Python. A ce kana gina tsarin ban ruwa na lambun albasa a Jiratawa, da abubuwa 6: danshin ƙasa, ruwan rijiya, ƙwari, girman shuka, man injin, da farashi a kasuwa. In kowane yana da mataki 10, halayen sun kai 1,000,000. Jadawalin B, mai faɗin yadda wani hali ke komawa wani, zai ɗauki gurbi miliyan sau miliyan. Kowane gurbi bayit 8, ka ga terabayit 8 ke nan, don aiki ɗaya tak daga cikin ayyukan da na'urar za ta iya zaɓa.

Daga nan sai ka rarraba, kuma nan ne mafi yawan nasarar take. Ba wa kowane abu nasa jadawalin B mai 10 sau 10. Guda 6 sun zama gurbi 600, bai kai kilobayit 5 ba. Manhajar pymdp, wadda ake hasashe mai aiki da ita a Python, da wannan tsari aka gina ta. Amma akwai asara: na'urar za ta ɗauka abubuwan ba ruwansu da juna, alhali danshin ƙasa da ruwan rijiya tafiyarsu ɗaya. A ganina irin waɗannan biyun a haɗe su zama abu ɗaya mai hali 100, wato gurbi 10,000, sauran su tsaya daban. Wanda ya raba abin da ba ya rabuwa, tsarinsa zai yi sauri amma zai riƙa ba mai lambu shawarar banza.

Sai jadawalin A, mai haɗa hali da abin da ake gani. Na'urar auna danshi ba ta san farashin albasa ba, to don me za a ɗaura ta da shi? Ɗaure kowane ma'auni da abubuwan da suka shafe shi kawai. Ma'auni mai sakamako 10 da ya dogara da duka 6 yana cin megabayit 80. Da abu 2 kawai, gurbi 1,000 ne.

In har yanzu akwai babban jadawali, duba sifilin da ke ciki. Shuka ba ta tsallake daga tsiro zuwa girbi a kwana ɗaya, don haka yawancin gurabun sifili ne. Ajiye shi da scipy.sparse, wanda ke riƙe gurabun da ke da lamba kaɗai. Sauya float64, lamba mai bayit 8, zuwa float32, mai bayit 4, ma yana rage rabi. Ka dai ƙara ƴar ƙaramar lamba kafin ɗaukar logaridim, don sifili ba shi da logaridim.

Abin da ya fi kama mutane shi ne tsare-tsaren mataki. Zaɓin aiki 5 a kan taku 10 na gaba ya ba da tsari 9,765,625, kuma kowane sai an auna shi. Taku 3 kuwa 125 ne kawai. Hango gajere, ɗauki matakin farko, sake hangowa. In dole sai nesa, yi binciken reshe-reshe, kana sare rassan da yiwuwarsu ta yi ƙasa ƙwarai.

Gwada kowane ragi a kan ƙaramin tsari mai abu 2 ko 3, inda za ka iya kwatanta amsar da ta cikakken lissafi. Kuma riƙa adana sakamako a faifai bayan kowane zagaye, saboda ɗaukewar wuta.