Yadda ake buga alamar ∈ a kwamfuta da waya ba tare da an sa € ba

Makon jiya na kai dabuwar na lissahi wani sibar nan Tahoua a buga mini, da takardar ta hito sai na ga duk inda na rubuta x ∈ A (ma'ana x na cikin tarin A) yaron ya sa x € A, wato alamar kuɗin yuro. Ban yi mishi hwaɗa ba don kilabiyenmu na AZERTY in ka danna AltGr da E abin da zai ba ka ke nan, kuma a ido sun yi kama. Amma ɗalibi da ke shirin bak bai kamata ya saba ganin kuskure cikin takardar malaminshi ba, wanga abu ya dame ni ƙwarai.

Abin da za ka riƙe shi ne kwamfuta ba siffa take ganewa ba, lamba take ganewa. A tsarin Unicode kowace alama da lambarta. Ta ∈ ita ce 2208, ta yuro 20AC, harahin Girkanci ε kuwa 03B5, uku ne daban. Asalin ∈ ɗin ma daga wanga harahi ya hito, Giuseppe Peano ɗan Italiya ya yi aiki da shi a 1889, amma yanzu kowane da gidanshi.

To a Word ga yadda ake yi. Ka buga 2208, kada ka sa fili bayanshi, sai ka danna Alt da X tare, lambar za ta juye ta koma ∈ nan take. In Word ɗinka na Faransanci ne kuma bai yi ba, gwada Alt da C. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne in akwai wata lamba ko harahi daga a zuwa f manne a gaba, misali ka rubuta a2208, sai Word ya haɗa su duka ya ɗauka lamba guda ce. Ka bar fili kahin lambar, ko ka sa U+ a gabanta.

Ƴan uwanta duk haka ake yi musu: ∉ 2209, ⊂ 2282, ∩ 2229, ∪ 222A, sai ∅ na tarin da babu komi ciki 2205. Wagga ta ƙarshe a yi hankali, ba Ø ba ce ta rubutun mutanen Norwe, ko da yake daga can André Weil ya aro ta a 1939.

Ni dai in lissahin na da yawa na hi son in danna Alt da = in buɗe wurin rubuta ekwasiyon, in buga \in sai in danna fili, ya hi kyau a takarda kuma ɗaliban jami'a da ke rubutu da LaTeX, wani tsarin buga lissahi a kwamfuta, umarnin guda ne. Karkatacciyar sandar nan (\) tana kan AltGr da 8.

A waya kuwa kilabiye da yawa ba su da ita. Ka kwafo ta sau ɗaya daga nan, ka aika ma kanka a WhatsApp tare da sauran, duk ranar da kake so ka ɗauko.

Wani lokaci ka aika ma abokin aiki takarda sai ya kira ka ya ce malam ina ganin âˆˆ wurin alamar. Ba ƙwayar cuta ba ce. A UTF-8, wato tsarin ajiye rubutun Unicode a kwamfuta, ana ajiye ∈ da bayit 3, E2 88 88, sai kwamfutarshi ta karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsarin Windows. Ya sake buɗewa ya zaɓi UTF-8. In kuma akwatin murabba'i ya gani, salon haruffan da ya zaɓa ne bai da alamar, ya canza zuwa Cambria Math. Kahin ka tahi sibar dai ka mai da takardar PDF tun daga gida.